Miki Marar Jini: In Soja Ya Dawo Gida



Yau ina so mu yi zance a kan wani ciwo. Ciwo ne da ba ya kumburi, ba ya jini, ba ya sa zazzaɓi. In an kai mai shi gidan likita aka auna jininsa, sai a ce lafiya lau yake. Amma yana hana barci. Yana raba miji da mata. Yana sa yaro ya ji tsoron ubansa. Ciwon nan yakan kama mutumin da ya ga mutuwa ido da ido, shi ya sa ake yawan samun sa wurin sojojin da suka dawo daga fagen daga.

Wataƙila akwai mai shi a garinku. Wataƙila ma a gidanku yake, ɗanka ne, ko ƙanenka, ko mijinki. Kun yi murna ranar da ya dawo da ƙafafunsa biyu. Daga baya kuka ga mutumin da ya dawo ba ya kama da wanda ya tafi. Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan: rauni ne ya samu, kamar raunin harsashi, sai dai shi a zuci yake. Yana da dalili, kuma yana warkewa.

Ba yau aka fara ba

Tun zamanin mulkin Faransa ake ɗibar samarin ƙasar nan aikin soja. An kai su yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945. An kai su Indoshin, daga 1946 zuwa 1954. An kai su Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962. Marigayi Shugaba Seyni Kunce ma ya yi aikin soja a Indoshin da Aljeriya. Waɗanda suka dawo su ne muke kira ƴan mazan jiya. Sun dawo da lambobin girma a ƙirji da takardar fansho a cikin adaka. Wasunsu sun dawo da wani kaya kuma, wanda ido ba ya gani.

Kakana na wajen uwa yana cikinsu. Indoshin aka kai shi. Ni da tsufansa na san shi, shekara fiye da arba'in bayan dawowarsa. Mutum ne mai fara'a da rana, mai ba jikoki gyaɗa. Amma in hadari ya taso aka fara tsawa, kowa na murnar ruwa, shi sai ya shige ɗaki ya jingina bayansa da bango, ya yi shiru, gumi na zuba. Ranar Layya ba ya tsayawa inda ake yanka. Ƙanensa yake miƙa wa wuƙa, shi ya fita bayan gari sai an gama fiɗa. Da dare mukan ji yana ba da oda da Faransanci cikin barci. Mutanen gari sukan ce, "Ku ƙyale shi, kan soja ne." Wasu kuma su ce iskokin can ƙasar ne suka biyo shi. Har Allah ya karɓi ransa babu wanda ya taɓa gaya masa cewa abin da ke damun sa ciwo ne sananne.

Zamanin kakana ya wuce, amma yaƙi ya zo mana har gida. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa. Ranar 10 ga Disamba 2019 aka kashe sojoji 71 a Inates, cikin jihar Tilaberi. Ranar 9 ga Janairu 2020 aka kashe 89 a Shinagodar. An yi zaman makoki, an yi musu addu'a. Allah ya jiƙan su. To, waɗanda suka tsira fa? Su ne suka ga abin da idonsu. Su ne suka ɗauki gawar abokan da suka ci abinci kwano ɗaya da safe. In an sallame su, ko sun zo hutu, gidajenmu suke dawowa.

Me ke faruwa a jikin mutum?

Lokacin da nake makarantar horon malamai an koya mana kaɗan game da halin ɗan Adam da yadda tsoro ke aiki. Sauran kuma na ji shi daga bakin ma'aikatan lafiya. Bari in faɗa muku shi da misalin gida.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Karin maganar nan ta faɗi rabin ciwon. A cikin ƙwaƙwalwar kowa akwai wani ɗan wuri, girmansa kamar ƙwayar gyaɗa, wanda aikinsa gadi ne. Ka ɗauke shi kamar karen gida. In ya ji motsin haɗari sai ya yi haushi. Nan take jiki ya saki wani ruwa cikin jini, likitoci na kiran sa adirenalin. Zuciya ta hau bugu da sauri, numfashi ya ƙaru, tsoka ta ɗaure, domin mutum ya yi faɗa ko ya yi gudu. Wannan rahama ce. Ita ke sa ka yi tsalle baya kafin ma ka tabbata kububuwa ce ka gani.

A fagen daga karen nan ba ya hutawa. Wata da watanni yana haushi dare da rana, kuma da gaskiyarsa, don akwai nakiya a hanya, akwai masu kwanton ɓauna. Shi ya tsirar da sojan. Amma in soja ya dawo gida, wani lokaci karen ba ya gane cewa an bar daji. Tayar mota ta fashe a tasha, ya yi haushi. Maharba suka buga bindiga ranar salla, ya yi haushi. Yaro ya rugo daga baya, ya yi haushi. Jikin mutumin sai ya yi abin da ya saba yi a daji, tun kafin tunaninsa ya ce masa nan kasuwa ce.

Sauran rabin ciwon kuwa a wajen tunawa yake. Abin da ya faru da kai bara, hankalinka ya sheƙe shi ya zuba a rumbu, kamar hatsi. In kana so ka buɗe ka ɗiba, in ka gama ka rufe. Ka san abu ne da ya wuce. Amma abin firgita mai tsanani wani lokaci ba ya shiga rumbu. Yana nan warwatse a tsakar gida, duk inda mutum ya juya sai ya taka shi. Shi ya sa in ya tuna, yakan ji kamar yanzu abin ke faruwa. Yana jin ƙarar, yana jin warin.

Yadda za ku gane shi

Alamominsa kashi huɗu ne.

Na farko, abin na dawo masa ba da son ransa ba. Mugun mafarki yana tashe shi da ihu. Ko da rana tsaka ya tsaya ƙiƙam, idonsa a buɗe amma ba ku yake gani ba.

Na biyu, yana gudun duk abin da zai tuna masa. Ba ya son zancen soja. In an kunna rediyo ana labarin hari sai ya tashi. Wani ba ya zuwa mahauta, wani ba ya shiga taron jama'a, wani ba ya hawa mota.

Na uku, kullum a shirye yake kamar mai gadi. Barcinsa kaɗan ne. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. Ƙaramin motsi na sa shi zabura. Fushinsa na kusa, abin da bai kai ya kawo ba sai ya daka tsawa.

Na huɗu, zuciyarsa ta yi sanyi. Abin da yake so da, kokowa ko dara ko hira a dandali, duk ya fita ransa. An yi masa haihuwa, ba ya jin daɗin da ya kamata ya ji, kuma wannan ma na damun sa. Yana zargin kansa: don me abokina ya mutu ni na rayu? Wani kuma abin da hannunsa ya aikata ne ke cin sa.

Sau da yawa mai ciwon ba zai ce muku zuciyarsa ce ba. Zai ce kansa ke ciwo, ko ƙirjinsa na zafi, ko jikinsa ya mutu. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Ku lura da abu biyu. Ba kowane soja ke kamuwa ba. Mafi yawan mutanen da suka ga abin firgita sukan sha wuya kwanaki ko makonni, sannan su murmure da taimakon danginsu. Sai in alamomin sun wuce wata ɗaya, suna hana mutum aiki da zaman lafiya da iyali, shi ne likitoci ke cewa ya zama ciwo. Abu na biyu, wani ba ya nuna komai sai bayan watanni, ko ma shekaru, galibi in ya bar aiki ya zauna shiru, ko in wani sabon rashi ya same shi.

Ragwanci ne?

Wannan ita ce kalmar da ta fi hana mutane neman magani. Namiji, kuma soja, ya ce yana jin tsoro cikin ɗakinsa? Gara ya yi shiru.

Turawa ma sun daɗe cikin wannan duhu. A yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, sojoji da yawa suka riƙa makyarkyata, wasu suka kasa magana, alhali ba rauni a jikinsu. A 1915 wani likitan Ingila mai suna Charles Myers ya rubuta a kan abin, aka riƙa kiran sa gigitar igwa. Duk da haka manyan soja da yawa sun ce ragwanci ne. Sojan Ingila ya harbe mutanensa 306 a kan laifuffuka irin su gudu daga fagen daga. Sai a 2006 gwamnatin Ingila ta yafe musu baki ɗaya, bayan danginsu sun daɗe suna cewa da yawansu marasa lafiya ne. A Amurka kuma, sojojin da suka dawo daga Biyetnam ne suka matsa, har a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar ta sa ciwon cikin littafinta na cututtuka. Ma'anar sunan da suka ba shi ita ce damuwar da ke biyo bayan mummunan tashin hankali.

Ka ga ke nan, ciwon ba ya zaɓen ƙabila, ba ya duba jarumta. Sau da yawa ma wanda ya fi daɗewa a bakin wuta shi ya fi kamuwa. Ba kuma sojoji kaɗai ba. Matar da aka ƙone garinsu, da direban da ya tsira daga haɗarin mota, da yaron da aka yi harbi gabansa, duk yana iya kama su.

Hauka ne? A'a. Mai wannan ciwo ya san sunansa, ya san ƴaƴansa, ya san lissafin kuɗinsa. Ya san ma abin da yake yi ba daidai ba ne, shi ya sa kunya ke damun sa.

Wani dattijo da ɗansa

A wani gari da na yi aiki, akwai wani dattijo da ke zuwa ajinmu na manya. Wata rana bayan an tashi ya tsaya, ya ce, "Malam, ina da magana." Na ce, "Bismilla, Baba." Ya ce ɗansa ya yi shekaru yana aikin soja wajen tafkin Cadi, aka sallame shi saboda raunin ƙafa. Ƙafa ta warke. "Amma Malam, rabin yaron nan aka maido mini. Rabin na can."

Ya ba ni labari. Yaron ba ya kwana a ɗaki, a zaure yake zama da adda har asuba. Matarsa ta taɓa shi cikin barci don ya tashi salla, ya shaƙe ta kafin ya farka. Da ya ga abin da ya yi sai ya fita, kwana biyu ba a gan shi ba. Ita kuma ta koma gidansu. Ya fara shan tiramol wai don ya samu ƙarfin noma. An yi masa rubutu, an yi turare, an sai da tunkiya biyu.

Na ce, "Baba, addu'a kada a fasa. Amma mu haɗa da gidan likita." Yaron ya ƙi zuwa, ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Wanda ya shawo kansa wani tsohon soja ne na garin da ke kusa, wanda ya girme shi. Ya zo ya zauna da shi a zaure, bai tambaye shi komai ba. Sai can ya ce masa, "Ƙanena, ni ma shekara biyu na yi ban san barci ba." Ranar ce yaron ya fara magana.

Ma'aikacin lafiya na garin ya saurare shi, ya rubuta masa takarda zuwa babbar asibiti. Ya yi ta zuwa wata da watanni. Ba zan ce muku ya koma kamar da ba. Har na bar garin yakan yi mafarkin jefi-jefi, kuma ba ya son wurin da ake buga bindiga. Amma ya koma kwana a ɗaki, ya bar tiramol, matarsa ta dawo, ya noma gonarsa. Dattijon ya ce mini da ya san haka da bai sai da tumakinsa ba.

Abin da likita ke yi

Ku fara da gidan likita mafi kusa. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani shiri na koya wa ƙananan ma'aikatan lafiya yadda za su gane ciwon zuciya da na ƙwaƙwalwa, don kada sai mai kuɗin zuwa birni kaɗai zai samu taimako. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku gaba. A babbar asibitin ƙasa ta Yamai akwai sashen masu irin wannan larura. Wanda ke cikin aikin soja kuma ya fara da likitan barikinsu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gaya wa likita komai: mafarkin, da fushin, da ƙwayar da ake sha. A gaya masa in bam ya taɓa tashi kusa da mutumin, ko ya bugu a kai, ko yana faɗuwa kamar mai farfaɗiya, don waɗannan suna da nasu magani daban.

Babban maganin wannan ciwo magana ce, amma magana mai tsari, tare da wanda ya koyi aikin. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kan haka. Mai ciwon da mai maganin sukan zauna sau ɗaya a mako, galibi zama 8 zuwa 12, wani lokaci fiye. Da farko a koya masa yadda zai kwantar da jikinsa. Sannan sannu-sannu ya riƙa ba da labarin abin da ya faru, daga farko har ƙarshe, a wurin da ya san ba abin da zai same shi. Ya faɗa yau, ya sake faɗa mako mai zuwa. Ranar farko da kuka da rawar jiki. A hankali zafin na raguwa. Hatsin nan da ke warwatse ana tattara shi ana zubawa a rumbu. Ba zai manta ba, amma abin zai zama labarin da ya wuce. Ana kuma duba zargin da yake yi wa kansa, a auna shi da gaskiya: a cikin daƙiƙa biyu, cikin duhu da ƙura, me ɗan Adam zai iya yi? Haka kuma ana raka shi ya koma wuraren da yake gudu, mataki-mataki, yau bakin kasuwa, gobe cikinta, har karen nan ya gane gida ne.

Akwai kuma ƙwayoyin da likita kan rubuta in damuwar ta yi nauyi. Ba sa aiki rana ɗaya, sai an yi makonni ana sha, kuma ba a barin su kwatsam sai da izinin likita. Ƙwayar barci irin su diyazefam kuwa, wadda ake saye a teburin kasuwa, ba ta warkar da wannan ciwo, tana kuma kama mutum ya kasa rabuwa da ita. Haka tiramol, da wiwi, da giya. Suna rufe mikin na dare ɗaya, da safe ya buɗe ya fi jiya.

Abin da iyali za su yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Likita na ganin sa sa'a ɗaya a mako, ku kuna tare da shi sauran kwanakin. Masu bincike sun ga cewa wanda danginsa suka riƙe shi ya fi saurin murmurewa bisa wanda aka bari shi kaɗai.

Kada ku matsa masa da tambaya. "Mutum nawa ka kashe?" tambaya ce da samari ke yi a dandali don nishaɗi, shi kuwa wuƙa ce a gare shi. Ku hana yara ita. In ya fara magana da kansa, ku saurara har ya gama. Kada ku katse shi da cewa, "Manta kawai, ya wuce." Da yana iya mantawa da tuni ya manta.

In yana mafarki yana ihu, kada ki taɓa shi, ƴar uwa. Ki ja baya, ki haska fitila, ki kira shi da sunan da ya saba ji a gida, da murya mai taushi. Ki ce masa, "Gida kake. Ga ɗakinka, ga yaranka." Haka in ya tsaya ƙiƙam da rana. A gaya masa inda yake da ranar da ake ciki, a ba shi ruwan sanyi ya wanke fuska.

Kada a zo masa ta baya ba sallama. In za a buga bindiga a biki ko ranar salla, a gaya masa tun da wuri, ya zaɓi inda zai zauna. A gaya wa yara da kalmomi masu sauƙi cewa Baba ba shi da lafiya, ba su suka yi laifi ba.

Kada a ware shi. A kira shi gayya, a kira shi suna da jana'iza, ko da zai zauna kaɗan ya tashi. A nemi shawararsa a kan sha'anin gida kamar da. Mutumin da aka daina tambaya yakan ɗauka ya zama kaya.

Addu'a da sadaka suna kwantar da zuciya, kuma ba sa faɗa da maganin likita. Abin da ba shi da kyau shi ne mari a ƙafa, da bulala, da kulle mutum a ɗaki mai hayaƙi. Wanda tsoro ya yi wa rauni, in aka ƙara masa tsoro an ƙara masa ciwo.

Ina da magana kuma ga iyayen mata. Ciwo dalili ne, amma bai halatta duka ba. In yana bugun matarsa ko ƴaƴansa, su koma inda za su tsira tukuna, manya su shiga maganar, a nemi magani. Kada a ce wa yarinya ta yi haƙuri har a yi kisan kai. Ita ma mai jinyar tana gajiya. A karɓe ta aiki, a bar ta ta je ganin danginta.

In kai ne

Ɗan uwa, wataƙila kai ne mai ciwon, kana karanta wannan kai kaɗai. Sannu da dawowa. Abin da kake ji, dubban mazaje sun ji shi kafin kai.

Ka nemi mutum ɗaya da ka yarda da shi, ka gaya masa ko kaɗan ne. In akwai wanda kuka yi aiki tare, ka neme shi, don shi ba sai ka yi masa dogon bayani ba. Ka tsayar wa kanka lokacin kwanciya da na tashi. Ka rage shayi mai ƙarfi da kofi bayan la'asar, don suna tashin karen nan. Ka ba jikinka aiki da rana, noma ko kiwo ko tafiya, gajiya ta halal na kawo barci. In ka ji zuciya ta fara bugu, ka zauna, ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi sannu-sannu ta baki kana ƙirga shida. Ka maimaita sau goma. Fitar da numfashi a hankali na rage gudun zuciya. Ka dubi abubuwan da ke gabanka ka kira sunansu ɗaya-ɗaya: ga turmi, ga akuya, ga bishiyar dalbejiya. Wannan na maido hankali inda jiki yake.

Waɗannan dabaru na taimakawa, amma ba su maye gurbin likita. Da harsashi ne a cinyarka, ba za ka ji kunyar zuwa a cire shi ba.

Ranar da ba a jira

Akwai alamar da in kun gan ta ba a kwana. In ya fara cewa gara ya mutu, ko ya ce kun kusa hutawa da shi, ko ya hau rabon kayansa yana neman gafara ba dalili, kada ku ɗauka wasa ne. Ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da bindiga, da wuƙa, da igiya, da maganin ƙwari na gona, da tarin ƙwayoyi. A kai shi gidan likita ranar nan, ko da amalanke ne.

Ƴan uwa, samarin nan mu muka raka su tasha ranar da suka tafi. Sun kwana a daji don mu kwana a gida. In sun dawo da miki a ƙafa muna zuwa dubiya da fura da goro. Wannan mikin ma yana son dubiya. Sauƙinsa ba ya zuwa rana ɗaya, yau gaba gobe baya, amma sannu ba ta hana zuwa.

In ka gama karatun nan, ka karanta wa maƙwabcinka da bai iya ba tukuna. In akwai gidan tsohon soja a unguwarku, ka bi ta can da marece ka yi sallama, ka zauna kaɗan. Ba sai ka ce komai ba.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Na bar ku lafiya, sai wata fitowa.